Ambaro, Matar da Ta Shuka Yi'ib

Ambaro 'yar makiyaya ce, a jan rairayin yankin Hawd aka haife ta, tsakanin raƙuma da awaki. A zamanin ƙuruciyarta, idan damina ta yi kyau yi'ib ya yi 'ya'ya, mata da yara kan bazu cikin daji da jakar fata suna tsinka. Guntun itace ne mai cunkoson rassa, da ƙyar yake wuce tsayin mutum, ganyensa kore shar ko a tsakiyar rani. Ƙwayarsa ta ɗan ɗara gujiya girma. A gasa ta a toka mai zafi, ko a dafa a sha romon mai zaƙi-zaƙi. Wanda ya ci tafi guda da safe ba ya neman komai sai la'asar. Ba wanda ya taɓa shuka shi, ba kuma wanda ya taɓa tunanin yi. Abin Allah ne, kowa ya tarar ya ci.

Ta auri Warfa, mai raƙuma, mutum marar yawan magana. Suna yawonsu na kiwo har wani fari ya zo ya kwashe raƙuman, ya bar musu 'yan awaki. Dole suka kafa bukka a Garasle, kusa da rijiya, inda yayar Warfa mai suna Timiro ta daɗe da zama.

A nan ne Ambaro ta lura yi'ib yana gudun mutane. Inda da ake zuwa da hantsi a dawo kafin azahar, yanzu sai an kwana a hanya. Mata na tsinke shi ɗanye don kada wata ta riga su. Maza na sare shi su yi dirkar ɗaki, tunda gara ba ta cin sa. Ta duba ƙarƙashin tsofaffin itatuwan, ba ta ga ƙarami ko ɗaya ba. Ita da ta san garken da ba ya haihuwa ƙarewa yake yi, abin ya tsaya mata a rai.

Wata safiya Timiro ta tarar da ita durƙushe bayan bukka tana tona rami da tsinken itace.

"Matar ƙanena, zinariya kika binne ne kika manta wurin?"

"Yi'ib nake shukawa, Yaya."

"Yi'ib?" Timiro ta riƙe haɓa. "To idan kin gama, ki taimaka ki shuka mana gajimare a gefe, mu huta da roƙon ruwa."

Ambaro ta yi dariya, ta ci gaba da tonanta. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, domin irin na bara ne, ya kwana a jaka har ya mutu. Da wata damina ta zo, ta yi sa'a ta ga ɗan tsiro a daji, ta ce bari ta ciro shi ta dasa a gida. Abin da ke sama bai wuce tsawon yatsa ba, amma ta bi saiwar da hannu har kafaɗarta ta shige ramin, ba ta ga ƙarshenta ba. Saiwar ta tsinke, tsiron ya bushe. Daga nan ta gane abu biyu: sai iri nunanne sabon tsinka, kuma inda aka sa shi nan zai zauna har abada.

Samun nunannen irin shi ne wahalar. Ta ɗauki goran ruwa ta tafi wani kwari mai nisa inda yi'ib ya rage, ta zaɓi itace guda, ta zauna gadinsa har kwanson ya bushe. Matan da suka zo tsinka suka ce ta haukace, wata ma ta ce ko kishin itacen take yi. Ta ba su haƙuri, ta nuna musu sauran itatuwan.

Da ta dawo, Warfa yana gyaran igiya bai ɗago kai ba ya ce, "A zuriyarmu dai ba a taɓa yin manomi ba."

"A zuriyarku ba a taɓa zama gindin rijiya ɗaya ba, maigida. Ga mu kuma a zaune."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Washegari sai ga tulin ƙaya a bayan bukka. Ya ce shingen awaki ya je sarowa, ƙayar ta yi masa yawa, idan tana so ta ɗebi ragowar. Ragowar kuwa ta isa ta zagaye filin shukarta gaba ɗaya.

Wannan karon ƙwayoyin da ta shuka sun tsiro. Ruwan alwala da na wanke ƙwarya take tarawa ta ba su a ranin farko, daga nan suka daina buƙatarta. Girmansu kuwa kamar ba sa so. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba su kai gwiwa ba. Timiro kan leƙo ta kan shinge ta tambaya ko jikokin jikoki ne za su ci. Sai a wata damina ƙananan furanni rawaya suka fito. Abin da Ambaro ta tsinka bai cika ƙoƙo ba. Ta gasa kaɗan kowa ya ɗanɗana, sauran ta mayar ƙasa. Haka ta riƙa yi har filin ya cika.

Sai babban fari ya zo. Damina ta wuce babu ruwa, ta bayanta ma haka. Daji ya koma toka-toka, ba abin da ya rage kore a Garasle sai filin Ambaro. Makiyaya suka riƙa kwararowa rijiyar da dabbobi masu tafiya suna tangaɗi. A cikinsu akwai wani mai suna Gedi, da matarsa mai goyo.

Wata rana Ambaro ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar an janye ƙaya, awakin Gedi sun cika filin suna ci har da ɓawon rassa. Ta ajiye tulun, ta shiga kora da mayafinta.

Gedi yana tsaye da sanda a kafaɗa. "Inna, tun yaushe daji ya zama na mutum ɗaya? Ubana ya yi kiwo a nan babu wanda ya tare shi."

"Ubanka ya tarar da yi'ib a nan wurin, ɗana?"

"Allah ne ya fitar da shi."

"Shi ne. Amma ni ya aika da tulu."

Magana ta kai gaban dattawa a gindin bishiya. Mata ba sa zama a wurin, don haka Ambaro ta tsaya daga nesa inda za ta ji. Da yawa suna bayan Gedi, domin killace wurin kiwo abu ne da ba su gada ba, kuma suna tsoron gobe kowa ya zagaye nasa. Aka daɗe ana ja. Can Warfa, wanda ba a saba jin bakinsa a taro ba, ya gyara zama.

"Wanda ya haƙa rijiya, tasa ce," in ji shi. "Ba ya hana mai ƙishirwa. Amma mai ƙishirwa sallama yake yi, ba ya rushe bakin rijiyar. Matar nan rijiya ta haƙa, sai dai ganye take fitarwa."

Dattawa suka tsaya a kan haka.

Ambaro ta yi nasara, amma zuciyarta ba ta yi sanyi ba. A hanyar gida ta bi ta masaukin Gedi, ta ga matarsa zaune tana matsa nonon akuya, ɗigo-ɗigo, jaririn yana kuka marar ƙarfi. Ta tsaya ta dube su. Da yamma ta dawo da zane cike da ganyen yi'ib don akuyar. Daga ranar kullum takan bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta tsinki kaɗan a kowanne yadda ba zai ji ba, ta raba wa awakin tatsa, nata da na baƙi. Bai ishi kowa ba. Garken Gedi ya kusa ƙarewa, sai dai masu nonon sun rayu, jaririn ma ya rayu. Da ruwa ya sauka su Gedi suka tashi. Matar ta zo ta riƙe hannun Ambaro ta yi mata sallama, shi kuwa Gedi bai zo sallama ba.

Itatuwan da awakinsa suka gwaguya, wasu sun mutu, wasu sun sake toho daga gindi. A shekarar da ta biyo, matan Garasle suka haɗa baki cewa ba mai taɓa yi'ib, na gida ko na daji, sai kwanso ya bushe. Wasu suka zo neman iri, Timiro ce kan gaba, tana cewa ita dama tun farko ta san abin zai yi.

Warfa ya rasu bayan wasu shekaru. Ambaro ta tsufa, ta bar wa 'ya'yanta filin. Maganar Gedi dai ba ta bar ta ba, takan ce mutumin bai yi daidai ba, amma ba ƙarya ya faɗa ba. Shi ya sa yanzu duk lokacin da iri ya nuna, takan ƙulle kaɗan a bakin mayafi ta dogara sanda ta fita daji. Inda ta ga kurmin ƙaya mai duhu wanda bakin akuya ba ya kaiwa, sai ta zura sandar ta huda rairayi, ta jefa ƙwaya, ta rufe. Idan ƙafa ta gaji ta zauna ta huta, sannan ta juyo gida kafin zafin rana.