Irin Dawar da Na Ɓoye a Tulu

Shekarun baya, da kakar da maigidana ya rasu, ya bar mini ɗaurin irin dawa rataye a madafi. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Kaura ce, irin da ya gada wurin mahaifinsa a ƙauyenmu na bayan Gubuchi. Kowace kaka shi ke zaɓen zangarniya masu kyau, ya rataye inda hayaƙi zai riƙa bugunsu saboda ƙwari.

Da ruwa ya sauka sai tsoro ya kama ni. In na shuka ruwa ya ɗauke fa? A ce iri ya daɗe a gidan nan, a hannuna ya ƙare? Na sauko da shi, na sussuke, na zuba a tulu, ko tokar hana ƙwari ban sa ba. Na liƙe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gado, wai ni mai dabara. Damina biyu irin kasuwar Makarfi nake shukawa.

Wata Lahadi bayan sujada, ƙanwar maigidan ta biyo ni gida.

"Matar Yaya, ina irin gidanmu? Ko kin tuƙa tuwo da shi?"

Na ce yana nan lafiya lau. Muka fasa lakar. Gari ne da ƙwari. Na zauna a ƙasa, na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi ba.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke kam kin zama bawan nan da fasto ya yi wa'azinsa, mai binne amanar ubangidansa don tsoro. Tashi ki ɗauko faifai."

Muka sheƙe, muka tsince. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba. Na durƙusa na ce, "Yesu, har yanzu tsoro nake ji, amma ga shi." Na shuka kunya uku a bayan gida. Rabi bai fito ba. Sauran ya yi.

Abin da nake gudu, ɓoyewata ce ta kusa jawo shi. Yanzu ni ke zaɓen zangarniya, kuma ban iya kamar shi ba. Duk damina tsoro na kama ni in zan zuba iri a rami. Da tsoron nake zubawa.