Ƙarar Ruwa a Ajin Malama Yakaka

Malama Yakaka Ari ta shekara goma sha tara tana koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata da muke aiki tare, a kan hanyar Auyo. Babarbariya ce, fataucin banda ya kawo kakanta Hadejia daga bakin tafkin Chadi. Ni kuwa Bafulatana ce, don haka tun ranar da na kama aiki take kirana baiwarta, ina ramawa. Mace ce mai bin ƙa'ida har abin ya ba ka haushi. In littafi ya ce shafi na tara, ko gobara ake yi sai ta buɗe shafi na tara. Amma yara ba sa tsoronta, shi ya sa aka ɗora mata aikin ba ɗalibai shawara, aka ba ta sito mai karyayyun kujeru aka ce ofis ne.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama, yaranmu sun dawo makaranta ba yadda suka tafi ba. Wadda ta fi damun Yakaka ita ce Umaima, 'yar aji shida, ɗiyar wani masunci, Malam Haladu. Ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ranar da suke tserewa daga ƙauyensu kwalekwalensu ya kife, ƙanwarta tana goye a bayanta, zanin goyon ya kwance. A wurinmu an yi gaisuwa, an ce sai haƙuri, an yi sadakar uku da ta bakwai, shi ke nan an rufe magana. Babu wanda ya tambayi yarinyar yadda take ji. Ta daina barci. Da ƙyar Yakaka ta shawo kan uban ya bar ta ta kai jarrabawar fita, saura wata biyar.

Ana nan wata ƙungiya ta gayyaci malamai zuwa Dutse, aka yi musu kwana uku ana koya musu horon natsuwa: yaro ya zauna, ya rufe ido, ya bi numfashinsa, tunani ya zo ya wuce ba tare da ya kama shi ba. Yakaka ta dawo da littafi da ƙaramar sifika. Na yi mata dariya son raina.

"Yanzu Barebari har numfashi sai an koya muku?"

"Ke dai kawo yaranki, baiwata," in ji ta.

Dole na haɗiye dariyata, don abin ya yi aiki. Minti goma kowace safiya, ajin da ba ya jin bulala sai ka ji tsit. A mako na uku Umaima ta same ta a sito ta ce ta yi barci har asuba. Yakaka ta zo ta gaya mini da ƙwalla a idonta.

Littafin ya ce a mako na huɗu a kunna wa yara sautin da ke cikin sifikar. Ba ta taɓa saurarensa ba, tana tattalin caji, don mun fi wata babu wuta. Yara suka rufe ido, ta danna. Sai ƙarar ruwa mai gudu ta cika ajin, wata murya mai laushi tana cewa kowa ya ɗauka yana zaune a bakin kogi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wanda ya haɗa sautin nan, a garinsu ruwa abin sha'awa ne.

Ina ajin da ke kusa na ji ihun. Na tarar da Umaima a tsaye, ido a rufe, hannayenta biyu a baya tana laluben goyon da babu. Yara uku suka zube. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa malama ta kira mutanen ruwa cikin aji, sun hau yara.

Washegari Malam Haladu ya zo. Bai ɗaga murya ba.

"Malama, ni a ruwa aka haife ni, na san abin da ke cikinsa. Ya karɓi ɗaya na yi haƙuri. Ban kawo ta biyu don a kira mata shi ba."

"Baba, kuskurena ne, ba iska ba ce. Baƙin ciki ne ya taso mata. Saura wata huɗu kawai."

"Allah ya saka da alheri," ya ce, ya ɗauki akwatin Umaima, ya tafi da ita.

Shugabar makaranta ta hana horon daga ranar. Sau uku Yakaka tana hawa acaɓa, ta shiga kwalekwale zuwa ƙauyen su Umaima, ita da ko gada ta hau sai ta rufe ido. Sau biyu aka ce yarinyar tana wurin mai magani. A na uku suka haɗu a bakin rijiya. Umaima ta rame, tana warin hayaƙin turare.

"Malama, ba aljani ba ne," ta ce a hankali. "Ranar ce na fara yi wa ƙanwata kuka. Ina so in gaya miki yadda aka yi, tun daga farko."

Ba ta kai ga farawa ba uwarta ta leƙo ta kira ta, ta kuma roƙi Yakaka don girman Allah kada ta sake zuwa.

An riga an yi wa Umaima rajista, don haka ranar jarrabawa lambarta na nan manne a kan tebur. Yakaka ce aka sa ta kula da ɗakin. Ta yi ta duban ƙofa har rabin awa ta wuce, lokacin da doka ta ce a rufe. Ta tashi ta rufe. Sannan ta ɗauki takardar sunaye, ta nemo na Umaima, ta rubuta da hannunta cewa ba ta zo ba.