Sarki Biyu a Bayan Shagon Aski

Shekara biyu na yi ina zuwa unguwar Peckham a Landan kowace Lahadi bayan azahar don buga poker, wasan karta na kuɗi. Matata ta ɗauka kallon ƙwallo nake zuwa, ni kuma ban gyara mata ba, don na san sunan abin caca. A ɗakin bayan wani shagon aski muke zama, kusa da Rye Lane. Mai shagon dattijo ne mutumin Kumasi, muna ce masa Baba. Ba ya wasa, shayi kawai yake kawo mana.

Wanda ya fi mu iya wasa wani Bazazzage ne mai gadi a wani kanti a Catford. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Sai ya yi awa guda yana yar da karta, ba ya shiga sai da hannu mai kyau. Amma Lahadi shida a jere ana cinye shi. Zai shiga yana gaba, sai kartar ƙarshe ta faɗo ta ba wani. Ya daina raha, ya koma kallon yatsun mai rabawa.

A Lahadi ta bakwai rabon ya zagayo kaina. Yaya ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur. Wani direban tasi da ke cikinmu, wanda kowace karta shiga yake da ita, ya ce, "Na yi call," wato zai zuba daidai abin da Yaya ya zuba. Suka buɗe kartarsu. Yaya na da sarki biyu, direba na da huɗu biyu. Na jera karta huɗu a tebur, babu wadda ta taimaki direban. Na juya ta biyar, sai ga huɗu, direba ya haɗa huɗu uku, ya doke sarki biyu.

Direba ya yi dariya. Yaya bai ko kalle shi ba, wuyan hannuna ya damƙe.

"Daga ƙasa ka zaro ta," ya ce a hankali.

"Haba Yaya, a gabanka na raba."

Ban ga lokacin da ya ɗauki kofin shayi ba. Na dai ji ya fashe a girata, ruwan zafi da jini suka rufe mini ido. Tebur ya kife, na faɗi. Direba ya riƙo shi ta baya, Yaya ya sa ƙeya ya fasa masa hanci. Ina ƙoƙarin tashi ya taka hannuna na dama da takalmin aikinsa, ya murza. Na ji ƙarar yatsuna kafin in ji zafin. Yana dukana a haƙarƙari yana maimaita, "Sati bakwai, sati bakwai." Sai da Baba ya shigo da masu aski biyu suka danne shi a jikin bango. Baba na haki yana cewa, "Za ka kashe mutum a shago na saboda takarda?"

A asibiti aka ɗinke girata, aka ɗaure yatsu biyu da suka karye. Na ce musu a bene na faɗi. Matata kuwa na gaya mata gaskiya. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, ko da yake ita take wanke mini ciwon.

Ina zaune a gida ba aiki, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauko karta, na ware sarki biyu da huɗu biyu, na dinga raba sauran da hannun hagu. Yawanci sarki ne ke ci. Huɗu kan ci kamar sau ɗaya cikin biyar, amma ba a tsare yake zuwa ba. Akwai lokacin da na raba sau goma sha biyu bai ci ba, sai kuma ya ci sau uku a jere, ni kaɗai a falo, ba wanda zai cuci wani.

Bayan wata guda Yaya ya zo gidana. Ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa kusa da ƙofa ya ce in yafe masa. Na ce na yafe. Sannan na gaya masa abin da na gani. Na ce wasansa daidai ne, kuma wanda ya daɗe yana wasa dole wata rana ya ci karo da irin waɗannan makonni.

"To me ya sa kullum ni?" ya ce.

Na tuna masa ranar da ya cinye ni da bakwai biyu alhali ina riƙe da goma biyu. Ya ce shi bai tuna ba. Na ga a fuskarsa da gaske yake.

Baba ya mayar da ɗakin wurin ajiye tawul. Ban sake wasa ba. Yatsana na tsakiya har yau ba ya lanƙwasa sosai, da hagu nake buɗe kwalba.