Karan Awon Kawu Dogo

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, wallahi tallahi a gabana aka yi, hannuna ma na ciki dumu-dumu. Lokacin ina ɗinki a kasuwar Talatar Mafara, yau shekara ashirin da wani abu, ina da kawu a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, yayan mahaifiyata, Malam Ummaru, amma kowa Dogo yake ce masa, don da ƙuruciyarsa sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Ni ke masa ɗinkin sallah, shi ya sa ni na fara lura: duk 'yan shekaru sai na rage tsawon riga, wandon da ya yi masa daidai ya koma sharar ƙasa, har muka zama kafaɗa ɗaya, ni da nake ɗaga kai in gaishe shi. Na ce masa tsufa ne Kawu, ƙashin baya ke zama, kowane namiji haka yake. Ya watsa mini harara.

Sai ya zaro wani karan dawa daga rufin ɗakinsa, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Kun dai san al'adarmu, in mutum ya cika, da kara ake auna gawa a kai wa masu haƙa kabari. Ya ce, "Wanga ina ɗan arba'in na yanke shi, daidai tsawona. Ran da na ƙaura, da shi za ka auna min. Allah bai amshe tsawona ba, aje min shi Ya yi. Ka jiya?" Na ce na jiya Kawu, a raina kuwa dariya nake.

Ya rasu wata Laraba da azahar, cikin damina, na iso bisa mashin hadari na haɗowa ta gabas. Ba zan yi muku ƙarya in ce na manta da karan ba, na tuna sarai. Girman kai ne kawai, ni da awo ne sana'ata, yaya zan ɗauko tsohon kara a gaban malamai a ce mun zo da camfi? Na zari sabo daga darni, na auna Kawu bayan an suturta shi, na ƙara yatsa huɗu yadda aka saba, na aika.

Aka yi salla, aka kai shi, ni na shiga ramin ta wajen ƙafa. Kai ya shiga, ƙafa ta tsaya a baki. Aka ɗaga. Na ɗora karana a kan rami, cif. Na ɗora a kan gawa, cif, har da saura. Subhanallahi! Baba Gado, tsohon da ke haƙa, ya ce, "Tela, wane irin awo ne wanga?" Kunya kamar in nitse. Aka ƙara rami kaɗan, aka sake sawa, ƙafa ta sake tsayawa. A na uku ma haka, ga iska da yayyafi, likkafani ya fara jiƙewa, ni gumi nake kamar an watsa mini ruwa, ga kawuna kwance a waje an kasa rufa masa asiri saboda ni.

Liman ya dubi dangi ya ce, "Akwai wasiccin da mamacin ya bari ba a cika ba?" Nan na faɗi gaskiya. Ya ce, "To mi kake jira?" Na zabga da gudu, babba da ni, takalmi a hannu. Na iske matar Kawu tsaye bakin zaure riƙe da karan, ta ce tun da aka fita da gawar karan ya faɗo daga rufi, ta mayar, ya sake faɗowa.

Tsohon karan ya ɗara nawa da fiye da taƙi guda. Aka haƙa daidai shi, aka sa Kawu, ya kwanta lafiya lau. Abin da har gobe yake tada mini tsigar jiki shi ne babu sarari ko na yatsa ɗaya, kansa na taɓa bango, tafin ƙafarsa na dafe da ɗaya bangon, da hannuna na shafa na ji. Muna gama tura ƙasa ruwa ya kece.

Na tambayi malamai, wani ya ce ruɗewa ce, wani ya ce in yi shiru in yi masa addu'a. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani, a satin nan na yanke nawa karan na soke a rufi, kuma yanzu duk Juma'a sai na sauko da shi na tsaya kusa da shi, ya ɗara ni da yatsa uku, ban san inda suka tafi ba. Don Allah in tsohonku ya bar muku wasiyya, komai rashin kan gadonta, in dai ba saɓo ba ce, ku cika. Kwanan baya na nuna wa babban ɗana nawa, na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce ya ji Baba, amma na ga dariyar a idonsa.