Yadda Na Shayar da Ciyawar Allah

Ko kaina ya zubar da komai, ba zai zubar da ranar da Malama Hadiza ta zauna daɓas a bakin wani tafki a ƙasar Miga saboda ni ba. Ku da kuka shigo aiki a bayana kuna jin ana ce mini Baba Mai Bokiti, to ga asalin sunan.

Lokacin ina lebura a wurin renon itatuwa a Dutse, saura shekara biyu in ajiye aiki. Bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Abin da na iya shi ne ban-ruwa. A wurinmu doka ɗaya ce: dashe ya mutu a hannunka, takardar tuhuma ta same ka.

Ƙarshen damina shugaban sashenmu, Malam Sabo, ya kira ni ofis. Ya ce wata malamar jami'a tana binciken digirinta a kan furannin daji, za a ba ta aron mutum na wata biyu. "Baba Audu, kai za ka je. Don Allah ban da iyayi." Na ce, "Yallaɓai, ni da iyayi ai ko gaisawa ba ma yi."

Ga tsarin aikin. Malama Hadiza ta ja igiya daga bakin tafkin ta yi layi huɗu: gabas, yamma, kudu, arewa. A kowane layi ta kafa turaku, a taku biyar, goma, ashirin da arba'in. Duk mako biyu za ta zo ta ƙirga furannin da ke gindin kowane turke, ta auna tsawonsu, don ta ga yadda nisa da ruwa yake rage su. Nawa aikin kora awaki da shanu, shi ke nan.

Da farko lafiya lau. Duman rafi ya shimfiɗe a bakin ruwa, gaba kaɗan tafasa ta yi rawaya, can nesa karkashi da tsidau. Sai ruwan sama ya ɗauke. Na kusa da tafki suna shagalinsu, na taku arba'in suka fara sunkuyar da kai. Zama ya gagare ni. In zauna a gindin tsamiya, in tashi, in zagaya, in dawo. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Baƙuwa ta ba ni amana, ta zo ta tarar da furanninta matattu? Na je ruga na aro bokiti, na shiga ba su ruwa. Mai bokitin ya bi ni da kallo ya ce, "Malam Audu, ciyawar Allah kake ba ruwa?" Na ce masa aikin gwamnati ne, ba zai gane ba.

Zuwanta na uku ta daɗe a kan turken gabas na ƙarshe, tana ƙirgawa tana sake ƙirgawa. Ni kuwa ina gefe ina jiran yabo. Ta ce, "Baba, abin nan ya saɓa wa duk abin da na karanta. Na nesa sun kusa kamo na kusa. Dole akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Mako mai zuwa zan kawo malamina a haƙa." A nan na gane ƙishirwar ce ta zo aunawa, ni kuma na kashe ta.

Makon nan tuwo bai yi mini daɗi ba. In na faɗa, fanshona na iya tafiya. In na yi shiru, yarinyar mutane za ta tsaya gaban manya da ƙarya a hannu, ba ta ma san ƙarya ba ce. Ranar da ta dawo, malamin nata zai biyo ta daga baya, tun kafin ta sauke jaka na ɗauko bokitin na ajiye a gabanta. Na ce, "Ranki ya daɗe, ga ruwan ƙarƙashin ƙasan."

Ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Baba, damina sau ɗaya take zuwa a shekara." Can ta ɗago. "Duk layukan ka shayar?"

Na sosa ƙeya. "Gabas da kudu kawai. Yamma da arewa akwai hawa, ga ƙaya, ga gwiwa."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta buga wa malaminta waya ta ce ya yi zamansa. Layi biyun da na ƙyale su suka fitar da ita, na bokiti kuma ta rubuta su dabam don kwatance. Da labari ya kai ofis, Malam Sabo ya ce, "Shekara nawa ina faɗa da lalacinka, yau ga shi ya cece ka." Gargaɗin baki kawai na samu.

Kafin mu tashi ta kai ni turken yamma na ƙarshe. Karkashin ya bushe ƙurmus. Ta murza kansa a tafin hannuna, sai ga iri baƙaƙe ƙanana. Ta ce, "Ba sakacinka ba ne, Baba. Ya san inda ya tsiro, ya yi sauri ya gama."

Abin da na koya ke nan: a wannan sana'a tamu akwai ranar da aikin shi ne ka naɗe hannu, kuma ya fi ɗaukar bokiti nauyi. Kafin ku taimaki abu, ku tambayi mai shi me yake nema.