Tayar Robar Isbrand

Isbrand Wiebe ya tsufa yana noma a wani ƙauyen Mennonawa, wata ɗariƙar Kirista, a ƙasar Boliviya. Ya raini 'ya'ya tara, bai taɓa fashin coci ba. Ranar da ciwo ya kayar da matarsa, ya cire wa tarakta ƙafafun ƙarfe, ya sa tayar roba da dattawan coci suka haramta, don kada jijjiga ta ƙarasa ta a hanyar asibiti. Ya ƙi tuba, suka hana kowa cin abinci da shi har ya mutu.

Ranar jana'iza sai ga dattawan sun cika teburinsa. 'Yarsa Aganetha ta fizge farantin burodi.

"Dattawa, ko kunya babu? Mutuwarsa kuke jira burodinsa ya halatta?"