Takardar da nake ajiyewa ƙarƙashin gwangwanin sukari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin wanke tukwane aka bugo mini waya, wai Baba Haruna Gawwas ya rasu. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "A ruwa?" Aka ce a'a, a kan gadonsa, bayan ya idar da sallar asuba. An kai shi bayan la'asar.

Masu tambayar gida, ni lafiyata ƙalau. Maigidan ma da sauƙi, sai gwiwar nan tasa. 'Yata Zainab lafiya, jaririnta ne ke ɗan zazzaɓin haƙori. Ɗana Faisal ne ban gane masa ba, tun da suka dawo daga maƙabarta bai sa komai a bakinsa ba. Zan zo kan maganarsa.

Ga wanda bai san Baba ba, maƙwabcinmu ne a unguwar Waziriyya. Yana ɗan firamare iyayensa suka taho da shi aikin hajji, suka yi zamansu. Ya yi shekaru yana nutso a mina, tashar jiragen ruwan nan garin, yana kankare gindin jiragen ruwa, shi ya sa ake ce masa Gawwas, wato mai nutso. Ya bar aiki, amma bai bar teku ba. Duk daren Alhamis sai ya shiga, shi kaɗai, daga bakin gaɓa, ba jirgi ba abokin tafiya.

Kayan nasa ma sun girmi Faisal. Tukunyar iska ta ƙarfe duk fenti ya goge, da tiyo biyu baƙaƙe da suke zagayo kafaɗa su haɗu a baki. Ba agogon da zai nuna maka sauran iska. In numfashi ya yi nauyi, wani ƙarfe ake ja a gefe, ya sakar maka ɗan abin da zai kai ka sama. Samari suna yi masa tsiya, shi kuma ya ce, "Mun tsufa tare, ba mai yaudarar wani."

A can na san shi sosai, lokacin ina sayar da shayi wa masu fatsa a bakin teku, kudu da gari. Kafin ya shiga sai ya miƙo mini 'yar takarda a ninke, ya ce, "Umm Faisal, riƙe mini." Ni kuma in ce to, in danne ta da gwangwanin sukari don kar iska ta ɗauke. In ya fito in mayar masa.

Shekara biyu muna haka.

Wani dare ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, yana haki, ya tarar da ni ina ɗauraye kofuna hankali kwance.

Ya ce, "Ba ki kira kowa ba?"

Na ce, "Kiran wa, Baba?"

"Ba ki duba takardar ba?"

Kunya ta rufe ni, don lokacin ban iya karatu ba. Na ce, "Ai na zaci addu'a ce kake barin ta a tudu don kar ta jiƙe."

Ya tsaya yana kallona, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Sai ya zauna daɓas a kan yashi, tukunya a bayansa, ya dinga dariya har da tari. Ashe abin da yake rubutawa shi ne: na shiga ƙarfe tara, in goma da rabi ta yi ban fito ba, ki kira wannan lamba. Da Hausa ma yake rubutawa, wai don ya sauƙaƙa mini.

Ya ce, "Shekara biyu raina yana hannun sukari!"

Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ce yau na tona kaina.

Alhamis ta gaba ya zo da wuri, da wani ɗan allon roba da suke rubutu a kai a ƙarƙashin ruwa, da fensir ɗaure da zare. Muka fara da lambobi, sannan baƙaƙe. Ina da shekara arba'in da ɗaya. In na yi kuskure ya goge da babban yatsa ya ce, "Yalla, sake. Ba wanda ya gani sai teku."

Duk harafin da kuke karantawa a nan, daga wannan allon ya fito.

Amma gaskiya tun da na iya karatu ban ƙara samun kwanciyar hankali ran Alhamis ba. Ido a kan agogo, ido a kan ruwa. Ina bin hasken tocilansa har ya ɓace, can kuma ya kashe ta da gangan, wai in ka motsa hannu cikin duhu ruwan yana tartsatsi kamar taurari. In ce, "Baba, taurarin sama ba su ishe ka ba?" Ya ce na sama ba a taɓa su.

Sati biyu da suka wuce ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya sa an shigo da kayan nan gaba ɗaya. Ya rame, amma bakinsa yana nan. Ya ce ƙirjinsa ya daina yarda. Ya ce, "Na Faisal ne. Amma kar ki bar shi ya shiga shi kaɗai."

Na ce, "Kai da ka yi rabin rayuwarka kana shiga kai kaɗai?"

Ya ce, "Ni na san abin da nake wasa da shi. Shi ƙaunata kawai ya sani."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

To ga maganar Faisal. Shekararsa ashirin da bakwai, ya koyi nutso, amma da rana, da kayan zamani, cikin abokai. Bai taɓa numfashi da tiyon Baba ba. Ɗazu na same shi ya baje kayan a tsakar ɗaki yana gogewa. Ya ce ran Alhamis zai shiga a inda Baba yake shiga, a lokacin Baba, yadda Baba yake yi. Na faɗa masa wasiyyar. Ya ce, "Halas, shi ke nan ya Ummi, sau ɗaya ne bas, ba ƙari." Na san ɗana. In na ɓoye kayan, zai tafi da wasu, ba kuma zai faɗa mini ba.

Don haka nake roƙonku, ku da kuka yi aiki da Baba a mina, ko kuka san irin waɗannan tsofaffin kaya. Mutum ɗaya nake nema, ya zo ya duba tukunyar da tiyon, ya shiga tare da shi. Yau Litinin. Don Allah ku amsa mini a nan kafin magaribar Laraba, in san abin da nake ciki. Ni dai zan zauna a gaɓa ko da wani ko babu, amma ban iya ruwa ba.

Allah ya jiƙan Baba Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya yi masa ƙulhuwa, ya kuma sa Faisal a ciki.